Takabata da Dusar Ƙanƙara

Mahaifin yarana ya rasu a farkon sanyin shekarar da dusar ƙanƙara ta tsayar da Landan cak, farkon shekarun casa'in. Ya dawo daga aikinsa na gidan rediyo, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ya bar ni a hawa na biyu na wani gidan haya na ƙaramar hukuma, wato kansil, a unguwar Edmonton da yara biyu, mace mai shekara tara da ƙaninta da ko makaranta bai shiga ba.

Takaba a gida da mutane ake yin ta. Gwaggo na gefe, inna na gefe, wannan ta shigo da tuwo, waccan ta shigo da labari, har wata huɗu da kwana goman su wuce ba ka ankara ba. A Landan kuwa daga ni sai bango da ƙugin hita mai ɗumama ɗaki. Ba kwalli, ba turare, ba kitso, ba fita. Zane ɗaya mara ado da mayafi mai kauri, su ne kayana. Na riƙe abin nan da gaske, don mutumin ya cancanci a yi masa, kuma don ina da wani dalilin na daban.

Tun ranar sadakar uku yayan marigayi, wanda yara ke kira Baffa, ya bugo waya daga Kano ya ce a ba shi yarinyar ya riƙe. Wai mace ba miji ba za ta iya tarbiyyar 'ya mace a ƙasar Turawa ba. Namijin bai dame shi ba, wai yaro ne, zai jira. Maganar ta je gaban mahaifina, shi kuma ya yanke cewa a bar 'ya da uwarta muddin uwar ta kama kanta. Wannan "muddin" ɗin da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ko shara zan zubar sai na jira wani ya sauka da ita.

Wadda ta ɗauke min wannan nauyin maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa. 'Yar Kano ce kamar ni, ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Mijinta abokin aikin marigayi ne, shi ke ja mana salla in an taru, kowa Malam yake ce masa. Yaya ce ke kai 'yata makaranta tare da nata, ita ke yo min cefane, ita ta tsaya min a kan takardun kansil da ban san kansu ba. Ranar da aka kai mijina makwancinsa a cinyarta na yi kuka. Da za a tambaye ni a lokacin wa nake da shi a Ingila, ba zan yi tunani sau biyu ba.

Safiyar da abin ya faru shirun gari ne ya tashe ni. Titinmu da bas ba ta barin mutum ya ji kansa, ranar ko ƙaho babu. Na ɗaga labule na ga komai ya ɓace: motoci, kwandunan shara, shingen makarantar da ke tsallake, duk sun koma tudu-tudu farare. Shekaruna a Landan na saba da 'yar dusar da ke sauka da safe ta zama caɓi kafin azahar. Wannan kuwa ta kai gwiwar yaro, kuma ba ta daina zuba ba. Rediyo ya ce an rufe makarantu, jirage sun tsaya.

'Yata tun rasuwar ubanta ta daina magana sai dole. Ta ci abinci, ta wanke kwanonta, ta shige ɗaki. Ranar kuwa na same ta ta manna goshi a taga, numfashinta ya rufe gilashin. Ta juyo ta ce min da Turancinta, don haka yaran nan suke, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, wai in zo mu sauka tare. Na ce ta bi Yaya. Ta ce ita ni take so. Na ce ba hali. Ba ta yi gardama ba, ta koma ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

A haka Yaya ta shigo, ta naɗe kanta kamar ƙullin goro, riƙe da wata tsohuwar kwat da takalman roba.

"Ke tashi ki saka, kowa ya sauka."

"Yaya, takaba fa nake."

"To takabar ce ta ce ki kashe kanki? Filin bayan nan ai gida ne, katanga ce ta kewaye shi. A Kano ba kya fita tsakar gida?"

"In wani ya gan ni fa?"

"Wa? Malam ya tafi aiki tun asuba, da ƙafa ma ya nufi tasha, an yi cancel ɗin bas duka. Dubi yarinyar nan, don Allah. Wata biyu ban ga haƙorinta ba." Ta ɗora min kwat ɗin a kafaɗa da hannunta. "In akwai zunubi a wuyana."

Na dubi 'yata, ta riga ta saka ɗaya takalmin. Na tashi.

Ban san yadda zan kwatanta iskar da ta buge ni a ƙofar baya ba. Wata biyu ina shaƙar warin hita da albasa. Na taka dusar ta yi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafata kamar ana taka garin rogo, na nutse har ƙauri, ɗan ƙaramin nawa kuwa ya nutse har ƙugu ya tsaya yana kiran a zo a cire shi. Filin ya cika. Iyalin Turkawan da ke hawa na uku, waɗanda shekara da shekaru gaisuwar kai kawai ke haɗa mu, sun sauko da shayi a 'yan kofunan gilashi suna miƙa wa kowa. Wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi da ke ƙasa, wadda duk gidan ke kira Mma, ta buɗe tagar kicin ɗinta tana soya ƙosai, tana zuba koko mai yaji a duk kofin da aka miƙo.

Da ta gan ni ta ce, "Yauwa ɗiyana, ka fito? Zo ka sha koko, cikinka ya yi zafi." Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya ne.

Na sha kokon nan a tsaye, dusa na faɗawa ciki tana narkewa. Har yau ban sha wanda ya kai shi ba.

Akwai ɗan gangare a ƙarshen filin, inda ake ajiye shara. Yaran Turawa biyu sun zo da abin zamiyarsu na kanti. Mu ba mu da shi, sai Yaya ta hau sama ta sauko da babban tirenta na suna, wanda ake jera wa baƙi shinkafa a kai. Yara suka dinga hawa bi da bi, tiren na juyawa da su kamar katantanwa, su ƙare a cikin shinge suna ihu. Yaya da kanta ta hau, da jikin nan nata, tiren ya lotse, ta wuntsila ƙafafu a sama tana salati. Muka yi dariya har Mma ta ƙona kasko guda.

Sai yara suka ce a gina mutum da dusar. Muka mirgina dunƙule biyu manya, aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ba mu da karas ɗin da Turawa ke sawa a hanci, Mma ta miƙo attarugu. Dabino biyu suka zama idanu. Hannuna ya mutu da sanyi, na cusa shi a hammata, na sake fito da shi na ci gaba. Ina cikin gyara wuyan mutumin na nemi 'yata na rasa. Can sai ga ta a guje daga sama, riƙe da hular ubanta, zanna bukar ɗin da yake zuwa aiki da ita. Ashe tun rasuwar ta ɓoye ta a ƙarƙashin matashinta.

Na buɗe baki in ce ta mayar, Yaya ta riga ni. Ta karɓi hular ta ɗora wa mutumin, ta ja baya ta duba, ta ce, "A'a, ba haka yake sa ta ba." Ta matsa ta karkata ta zuwa hagu, ta ɗan danna gaban, daidai yadda yake yi in ya tsaya gaban madubi yana cewa zai makara.

'Yata ta fashe da dariya. Dariya ta gaske, irin wadda ke fitowa daga ciki har mutum ya durƙusa. Ƙaninta ya kama, ni ma na kama, hawaye na zuba yana daskarewa a kumatuna. Yarinyar ta zo ta rungume ni ta baya, ta dinga ba ni labarin yadda ubanta ya taɓa zamewa a kan ƙanƙara a gaban shagon jarida, ya tashi yana gaishe da mutane kamar da gangan ya yi. Maganar da ta yi a filin nan ta fi duk wadda ta yi tun rasuwar. Ban ga gunki a wurin ba, ban ga saɓo ba. Yara na gani sun tuna ubansu ba tare da kuka ba, a karo na farko.

Da azahar sanyi ya kore mu ciki. Muka baza safa a kan hita, muka ci ragowar ƙosai, yaran suka yi barci a kan kujera. Ba wanda ya tuna da hular.

Wajen la'asar ina tsaye a taga na hango Malam ya shigo ta ƙofar baya, yana ɗaga ƙafa da ƙyar. Ya zo daidai mutumin ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hular, ya kakkaɓe ta, ya sa a hammata ya shige. Na jira ya ƙwanƙwasa ya miƙo min, ko ya yi min faɗa ma, na shirya ba da haƙuri. Bai zo ba.

Washegari Yaya ba ta shigo ba, ɗanta ta aiko da kwanon miya. Washegarinsa ma haka. In na ji motsinta a ƙofa na buɗe, sai ta ce tana sauri. Matan da ke bugo min waya daga Old Kent Road suna tambayar ya haƙuri, suka fara gajarta gaisuwa. Na ce a raina ko sanyi ne ya hana kowa sakewa. Mutum in ya yarda da wani, ko an nuna masa ba ya gani.

Bayan 'yan makonni Baffa ya iso, wai ya zo kan kayan marigayi. Tunda ba zai sauka gidan mai takaba ba, gidan Malam ya sauka. Kwana biyu da zuwansa suka shigo falona su uku, shi da Malam da Yaya. Na shimfiɗa musu, na koma gefe na rufe fuska. Bayan addu'a Baffa ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da hular ya ajiye a kan tebur.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce ya ji abin da kunnensa ya ƙi ɗauka, sai da ya gani. Ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba, matarsa ta fita tsakar maza tana tsalle, ta gina gunki, ta ɗora masa hular mamaci tana ƙyaƙyata dariya. A gaban 'yarsa. Ya ce labarin ya riga shi isa Kano.

Ban ji tsoro ba a lokacin, wallahi. Ina da shaida a zaune a ɗakin. Na juya na ce, "Yaya, ki gaya musu yadda aka yi."

Tana kallon kafet. Ta gyara mayafi, ta ce, "Ni dai Allah ya sani na ce mata kar ta fita. Na ce mata takaba ba wasa ba ce. To ka san yaran yanzu, Alhaji. Hular ma sai daga baya na gani."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Yaya?"

Ba ta ɗago ba.

A nan na manta da takaba, na manta da surukuta. Na yaye mayafin daga fuskata na ce ta dube ni. Na ce wa ya kawo min kwat? Tiren wa aka lotsa? Hannun wa ya karkata hular? Wa ya ce in akwai zunubi a wuyansa? Muryata ta cika gidan har yaron ya fara kuka a ɗaki. Malam ya ce, "Subhanallahi." Baffa ya girgiza kai a hankali, ya dubi Malam kamar mai cewa ka gani ko. Ihun nan nawa ya yi masa aiki fiye da hular, na sani. Amma ko yau aka maimaita sai na yi shi.

Mma ta ji hayaniyar daga ƙasa. Tsohuwar nan da gwiwa ke hana ta hawa bene ta hawo tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa da zaninta na gida.

"Alhaji, ni na gani da idona. Wannan mata," ta nuna Yaya da yatsa, "shi ne ya jawo shi waje. Shi ne ya sa hula. Yarinya bai yi komai ba, koko kawai ya sha."

Baffa ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya gode, Allah ya saka. Sannan ya ce ko ma wa ya ja ta, ai da ƙafarta ta sauka.

Kwana biyu bayan nan mahaifina ya bugo. Layin na ƙara, muryarsa na zuwa a makare. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ce shi ya tsaya min a gaban mutane, na kunyata shi. Na fara bayani ya ce, "Ban kira ki don ki yi magana ba. Ki ba shi yarinyar."

Na san a ƙasar da nake, da na ɗaga waya na kira hukuma ba mai fitar min da 'ya daga gida. Mma ma ta faɗa min haka, har ta ce ɗanta zai raka ni. Masu karanta wannan a yau za su ce me ya hana ni. Abin da ya hana ni shi ne ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba, kuma ban san yadda mace ke kai ƙarar ubanta wurin Turawa ta sake taka Kano ba. Shekaruna ba su kai talatin ba, mijina ya mutu, wadda nake jingina da ita ta zame. Na ce to.

Sau ɗaya na tare Yaya kafin tafiyar. Na ji ta fito da shara, na buɗe ƙofa na tsaya a gabanta. Ban zage ta ba, na ce ta gaya min dalili kawai. Ta leƙa bayanta ta ga ƙofarta a rufe, ta yi ƙasa da murya.

"Ranar Malam ya shigo da hular nan kamar zai cinye ni. Ya ce wa ya yi wannan aikin. Me kike so in ce? Kin san halinsa."

"Sai kika ce ni."

"Na ɗauka a nan zai tsaya. Ban san zai buga Kano ba."

"Da ya buga fa? Da Baffa ya zauna a falona fa? 'Yata za a ɗauka, Yaya."

Ta ce, "Aurena fa. Ke naki ya riga ya ƙare."

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni dai ban gani ba. Shekara da shekaru mutane na ce min in yafe mata, tsoro ne ya sa ta. Na yarda tsoro ne. Ni ma tsoron nake ji ranar da ta dafa kafaɗata ta ce a wuyanta, kuma na sauka saboda na yarda da ita. Ta ci amanata, ta saya wa kanta zaman lafiya da 'yata, ba ni da wani suna da zan kira abin da shi. Yarinyar ba ta dawo hannuna ba sai da ta gama sakandare, ta dawo budurwa mai gaishe ni a durƙushe kamar baƙuwa.

Ranar tafiyar ban je filin jirgi ba. Takabata da saura, kuma wannan karon ba wanda ya ce min tsakar gida ce. Malam ne zai kai su a motarsa, aka ce Yaya ta bi su don yarinya ta samu mace a kusa. Na haɗa mata kaya da safe, na yi mata kalba biyu da hannuna, ban iya kitso sosai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta bar ni na sa mata kwat, na ɗaure mata igiyar takalmi kamar ƙaramar yarinya.

A bakin ƙofa, Baffa ya riga ya sauka da akwatin, ta juyo ta riƙe gefen zanena. Da Hausa ta yi maganar, Hausarta mai tsami da ba ta cika yi ba, ina jin don kar in ce ban gane ba.

"Mama, don na ce ki fito ne?"

Na durƙusa na kama fuskarta. Na ce a'a, ba ke ba ce, ko kusa ba ke ba ce. Ta kalle ni irin kallon da yaro ke yi wa babba in ya san lallashinsa ake yi. Na ɗaga kai na dubi Yaya, tana tsaye taku biyu daga inda muke, jakarta a hannu. Ta ji tambayar sarai. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta sauke wa yarinyar nan kayan da za ta ɗauka har Kano. Na jira.

Ta duba agogonta ta ce, "Zo mu je, kar ku makara." Ta kama hannun 'yata suka sauka.